Kwalbar da Kawu Ya Ce Kada a Taɓa

A gidanmu ni ce mai rubutu. Ranar da aka haifi wance, shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin Kaka, wa ya karye a ƙafa yana aji nawa, duk suna cikin wani littafi mai baƙin bango da nake ajiyewa a ƙasan akwatina. Da Umma ta ce in rubuta tarihin yayanta tun yana da ƙarfin gyara min kuskure, sai na ce to. Ban san aiki na ɗebo wa kaina ba. Shafi ukun farko da na kai masa, ya dawo min da su duk jan biro, wai ban sa kwanan wata ba.

Haka Kawu yake, kuma haka ya tsufa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar sakandare. Ba malami ba ne, kuma shi ne zai fara gaya maka haka. Da shara ya fara, ya koma wanke kwalabe, daga baya aka ba shi makullin ɗakin ajiyar sinadarai. Shi ke auna komai ya jera wa ɗalibai kafin su shigo. Malaman kimiyya goma sha ɗaya sun zo sun tafi a kan idonsa, kuma har yau yana iya lissafa maka wanda ya iya riƙe kwalba da wanda bai iya ba. Ɗalibai suka raɗa masa Baba Kwalba. Mu ma da shi muke kiransa, amma sai ya juya baya.

Da ya yi ritaya, sai ya kwaso halin ɗakin nan ya juye mana a gida. Gwangwanin sukari an manna masa takarda: SUKARI, da ranar da aka buɗe. Gishiri ma haka, kamar akwai wanda zai manta. Ba ya kai hancinsa bakin tukunya, sai dai ya tsaya nesa ya riƙa fifito tururin da tafin hannu zuwa fuskarsa. Matarsa, da muke kira Inna, ta ce shekara talatin tana yi masa girki bai taɓa shinshina shi kamar ɗan Adam ba. Kaka kuwa, mahaifiyarsa, takan girgiza kai ta ce, "Ni dai na san na haife shi. Inda ya tsinto sauran, Allah masani."

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya sa na ba Kawu babi guda shi ne hannun Yayata na dama, da wata kwalba mai ruwan ƙasa da ya ajiye saboda hannun.

Yaya ta yi mako biyu tana koyon haɗa sabulun ruwa da maganin wanke bayi, irin mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta samu shaguna uku da suka ce za su riƙa karɓa. Ranar da ta dawo da kayan haɗi, tana sa ƙafa a tsakar gida Kawu ya ɗago kai daga jaridarsa, ya ja iska sau ɗaya.

"Wa ya shigo min da finol gida?"

"Kawu, kabolik ne fa. Haka mai shagon ya ce."

"Shi ne dai. Suna biyu gare shi kamar ɓarawo. Ajiye shi nan. A ƙasa na ce, ba kan turmi ba!"

Ya buɗe robar da kansa. Abu ne kamar gishiri mai tsini-tsini, fari, amma samansa ya soma komawa ruwan hoda. Warinsa irin na asibiti, da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki. Kawu ya ce iska ce ta taɓa shi ya sa ya yi wannan launin, kuma duk wanda ya sayar da shi a roba ba takarda ba gargaɗi ya kamata a kai shi gaban hukuma. Yaya ta ce a kicin za ta riƙa haɗawa. Ya kalle ta kamar ta ce za ta kunna wuta a kan katifa.

Kwana biyu ya yi yana kwashe tarkacen ɗakin baya. Ya kafa kanta, ya rataye safar hannu mai kauri da gilashin ido, ya buɗe tagar da ta shekara a rufe. A ƙarshe ya ɗora wata babbar kwalba mai ruwan ƙasa a kan kantar, dab da ƙofa. Gilisirin ne a ciki, wannan ruwan mai kauri kamar zuma. Ya ja layi da farin fenti daidai inda ruwan ya tsaya, ya manna takarda: DON FINOL KAWAI. KADA A TAƁA.

Sannan ya tara mu. A lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare, don haka ni aka zaunar a gaba. Ya fito da wani abu da ya ƙera tun yana aiki, da waya da murafan lemon kwalba: zobe mai kusurwa shida, da ƙananan rassa.

"Ku dube shi da kyau. Mutum shida ne suka zauna suka yi da'ira, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Kabon ke nan. Biyar daga ciki kowa yana goye da haidirojin ɗaya. Na shidan shi ne ya yi baƙo." Ya taɓa wani jan murfi. "Oksijin, shi ma ɗauke da nasa haidirojin. Auta, me baƙon nan ya jawo?"

Ni ce Auta. Na ce, "Ya mayar da shi asid."

"Ta yaya? Kada ki yi min hadda."

Shi ya ba kansa amsa.

"Hankalinsa ya koma kan masu gida. Ya miƙa wa zoben wani kaso na ilektaron ɗinsa, sai riƙon da ya yi wa ɗan haidirojin ya yi sako-sako. Da ya haɗu da soda mai ƙuna, sai ya sake shi ya narke. Amma ba wani asid ne mai ƙarfi ba, ki zuba masa hodar bekin soda ko kumfa ba za ki gani ba. To su ma masu gidan ba su zauna lafiya ba. Na damansa, na hagunsa, da wanda ke fuskantarsa, su ukun nan sun zama masu saurin fushi. Ki ɗiga ruwan buromin, nan take launinsa zai ɓace, farin gari ya kwanta a ƙasa. Buromin uku sun shige wuraren nan uku ba sallama."

Yaya ta ce, "Kawu, ni fa bayi zan wanke, ba jarrabawa zan rubuta ba."

"Ke ce ma kika fi bukatar ji, uwar sauri. Zoben nan yana son maiƙo, baƙon yana son ruwa, fatar mutum kuma tana da duka biyun. Yana taɓa ki zai shige ciki kamar mai a tsumma. Kuma mugun abu ne, sai ya fara kashe miki jin zafi kafin ya soma ci. Za ki ga wurin ya yi fari, ki ce ba komai. In kika goga da ɗan ruwa, kin narkar da shi ne kin shimfiɗa masa hanya. Ko dai gilisirin, shi ke tsotse shi daga fata, ko ruwa mai yawa yana kwarara ba tsayawa. Ban da jiƙaƙƙen tsumma."

Ya ɗaga hannunsa na hagu. Daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu fatar tana sheƙi kamar leda, ko allura ka soka ba ya ji.

"Shekarata ta biyu a aiki..."

"Malamin ya ce ka goge da tsumma," in ji Kaka daga bakin ƙofarta.

"...sai malamin ya ce..."

"Ka goge, ka ci gaba da wanke-wanke. Mun ji, Mai Kwalba. Tun waɗannan ba a haife su ba muke ji."

Aka yi dariya, aka watse. Na sha jin labarin nan fiye da sau ɗari, kuma ina jin yawan jinsa ne ya sa ya daina shiga kunnenmu.

Yanzu na zo wurin da ba na son rubutawa. Gilisirin yana gyara faso. Kowace mace ta san haka. Ka shafa a diddige, kwana uku sai ka ga ƙafa ta yi laushi. Ga kwalba guda cike a ɗakin baya, ba makulli, ba mai amfani da ita. Wata rana na shiga ɗauko tsintsiya, na tsiyayi cikin murfi ɗaya a wata 'yar kwalbar turare. Da na ga ruwan ya sauka ƙasa da farin layin, sai na tuna cewa kowace safiya Kawu yakan leƙa ya duba layin nan. Na ɗebo ruwan famfo na cike gurbin, na girgiza. Ni da na ci kimiyya a jarrabawa. Ni da aka zaunar a gaba. Na ce a raina murfi ɗaya ba zai yi komai ba, kuma na sake komawa har sau huɗu. Ina tsammanin ni kaɗai ce.

Wata biyar aka yi a haka. Sana'ar Yaya ta kankama, jarkoki sun cika ɗakin baya, Kawu kuma bai fasa ba. "Ina safarki?" "Sa gilashin." "Wa ya rufe tagar nan?" Yaya ta ce ko mijin da za ta aura ba zai sa mata ido haka ba.

Ranar wata Asabar ce, bayan azahar, ana zafi kamar a gasa mutum. Finol ba ya bukatar wuta sosai, zafin da ya ɗan ɗara na jikin mutum ya isa ya narkar da shi, don haka na cikin robar ya riga ya zama ruwa. Wayar Yaya ta yi ƙara, wani mai shago ne. Ta zare safar dama don ta amsa, ta maƙale wayar a kafaɗa, ta ɗaga robar da hannu mai gumi. Robar ta suɓuce.

Ba ta yi ihu ba. Ta fito tsakar gida a natse tana yarfa hannu, ta ce, "Auta, jiƙo min tsumman nan."

Na jiƙa. Wallahi na jiƙa, har na miƙa.

Kawu yana inuwa yana kwance wata tsohuwar rediyo. Ban ga tashinsa ba, sai dai na ji an buge tsumman daga hannuna ya faɗi can gefe. Daga wuyan hannun Yaya zuwa rabin damtse fatar ta yi fari fat kamar an shafa alli.

"Kawu, ba zafi fa."

"Shi ne abin tsoron, sakarya! Kada ki taɓa!"

Ya zura safar hannu, ya fizgo kwalbar nan da dunƙulen auduga, ya cire murfi ya karkata. Gilisirin a hankali yake saukowa, yana jan jiki. Wannan kuwa sai ya zubo shaa, ya jiƙa audugar ya ɗiga ƙasa. Kawu ya kalli kwalbar, ya kalli farin layin. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye kwalbar, ya ja Yaya zuwa famfon tanki, ya buɗe shi har ƙarshe, ya cusa hannun a ƙarƙashi. Ya sa na kawo almakashi, ya yanke hannun rigarta, ya cire mata agogo ya jefa a bokiti. Sannan ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Duk wadda ta san akwai gilisirin a ɗakinta, ta fito da shi. Ba zan tambayi kowa komai ba. Yanzu!"

Na ruga ɗaki ina kuka, na ɗauko 'yar kwalbar turarena, ina cewa yau asirina ya tonu. Ina fitowa sai na ga Umma da wata 'yar roba a hannu. Ga Inna ta fito da kwalbar man shafawa, idonta a ƙasa. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ga ƙofar Kaka ta buɗe, ta fito tana dogara sanda, ta miƙo wata kwalbar maganin tari, cike har wuya.

Kawu ya karɓa ɗaya bayan ɗaya yana karkatawa. Nawa ruwa-ruwa, ya ture. Na Umma da na Inna da ɗan dama. Na Kaka kuwa da kyar ya motsa a cikin kwalbar.

"Ashe ke kika fara," ya ce.

"Kai ka ce ba za ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba. Gani na yi."

"To yi aikinka, yarinya na tsaye."

Ya janye hannun daga ruwa, ya tsiyaya na Kaka a auduga ya ɗauke abin da ke kan fatar, ya yar da audugar, ya ɗauki sabuwa. Ba ya maimaita auduga, ba ya gogawa da ƙarfi. Da gilisirin ya ƙare ya mayar da hannun ƙarƙashin famfo, yana duban agogonsa. A lokacin ne zafin ya soma zuwa, Yaya ta fara kuka tana kiran Umma. Kawu ya ce, "Madalla, yi kukanki. Hannun da ke jin zafi bai mutu ba." Inna ta ce a shafa man goge baki, ya ce in ta sake faɗa zai shafa mata a ido. Sai da ruwan tankin ya kusa ƙarewa sannan ya yarda a shiga motar maƙwabcinmu.

A asibiti ma bai bar mu mun huta ba. Nas ta tambaya ko ruwan batir ne, ya ce a'a, ya zayyana mata sunan abin, da ƙarfe nawa ya zuba, da faɗin wurin, da abin da aka yi. Sannan a gaban mutane cike da benci ya ce lallai a duba launin fitsarinta, in ya yi duhu to abin ya shiga jini. Yaya ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Kawu, don girman Allah!" Likita ya fito ya ce tsohon yana da gaskiya, za a duba, kuma za a riƙe ta kwana biyu. Ya tambayi Kawu ko ma'aikacin lafiya ne. Kawu ya ce, "Kwalabe nake wankewa."

Hannun ya tsira. Yatsu biyar duk suna motsi, tana ɗinki tana rubutu. Tabo ya rage kamar faɗin tafin hannun jariri, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ba ta ji in an taɓa, daidai irin na Kawu.

Mun zaci zai yi mana faɗan da ba mu taɓa ji ba. Na ma shirya abin da zan ce. Kwana uku bai ce uffan ba, yana cin abinci yana tashi, gidan ya yi nauyi. Rana ta huɗu ya kira ni da littafina.

"Rubuta. Laifin nawa ne."

"Kawu, mu muka ɗiba. Ni da hannuna na zuba ruwa."

"Ku kun yi halinku na mutane. Shekara talatin da ɗaya ina ganin ɗalibai suna cike kwalba da ruwa don kada a gane sun zubar. Na san da haka sarai. Amma kullum safe sai in tsaya a bakin ƙofa in kalli takarda, in kalli layi, in wuce. Ban taɓa ɗaga kwalbar na karkata ta ba. Na yarda da rubutun hannuna. Rubuta haka."

Na ce ba zan rubuta ba. Ya ce to ba tarihi nake yi ba. Wannan mutum! Ko laifinmu ma ba zai bar mana mu ɗauka ba, sai ya ƙwace ya manna masa takarda da sunansa. Na fi mako ina jin haushinsa, na rasa ta inda zan ba shi haƙuri tunda ya ce ba a yi masa komai ba.

Umma ta kawo shawarar a sa wa kantar kwaɗo. Ya ce, "A kulle maganin gaggawa? Hannu na ci, ana neman makulli a aljihun wandon da aka kai wanki?" Sai ya fita ya dawo da kwalba biyu. Ɗaya ya mayar kan kanta da takardarta ta dā. Ɗayar ya dire a tsakar gida kusa da randa, ya rubuta mata: NA ƘAFA. KOWA YA ƊIBA.

Yaya ta koma sana'arta da safa har gwiwar hannu, wayarta kuma tana waje a kan taga, ko wa ke kira sai ta gama. Shi kuwa kowace safiya zai shiga ɗakin baya, ya ɗauki kwalbar ya kifa ta, ya tsaya yana kallon kumfar iska tana hawa a hankali. Sai ta kai sama yake ajiyewa. In Yaya na wurin yakan kama hannunta ya danna tsakiyar tabon da ɗan yatsa.

"Kin ji?"

"Ban ji ba, Kawu. Jiya ma ka tambaya."

"Gobe ma zan tambaya."

Kaka dai har yanzu tana cewa na tsakar gidan bai kai wancan kyau ba, wai ɗanta ya ɓoye mai kyaun ya ba su na banza. Sau uku yana nuna mata cewa a shago ɗaya ya sayo su, ta ce ƙafarta ta fi shi sani.

Na kai masa babin nan ya duba kafin in kwafe a littafi. Ya karanta har ƙarshe da gilashinsa a kan hanci, bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Wuri ɗaya ya ja wa layi. Na rubuta cewa hannun Yaya ya yi kamar minti ashirin a ƙarƙashin famfo, ya soke ya rubuta a gefe da jan biro: "Ashirin da biyu. Ba a cewa kamar." Don haka na cire jimlar gaba ɗaya, in yana so ya je ya rubuta nasa littafin.